Yadda Ake Zama Mai Tausa Nagari, Daga Tambayar Farko Zuwa Wanke Zanin Gado

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini da fuska daban-daban. Wani ya ce yana so ya koyi tausa, ta ina zai fara? Wata ta ce ta yi kwas na 'yan makonni, amma duk wanda ta yi wa sau ɗaya ba ya dawowa, ina matsalar take? Wasu kuma masu neman a yi musu ne, suna so su gane wanda ya iya tun kafin su kwanta a gabansa. Na ga ya fi sauƙi in bi aikin daki-daki, domin halin mai tausa a cikin aikin yake fitowa. Haƙurinsa ana ganinsa a tambayoyin da yake yi, amanarsa a yadda yake rufe jikin mutum, iliminsa kuma a inda yake ɗauke hannu. Yawancin masu farawa ƙarfin damtse suke nema, alhali abin da ke dawo da mutum karo na biyu shi ne hannun da ke sauraron jiki. Zan yi magana da "kai", amma mace da namiji duk da su nake.

1. Koyi jiki kafin ka taɓa shi

Babban mutum yana da ƙashi 206 da tsoka fiye da 600. Ba a buƙatar ka haddace su a wata guda, amma manyan tsokokin wuya, kafaɗa, gadon baya, ƙugu, cinya da sha-raɓa wajibi ne ka san inda kowace ta fara, inda ta ƙare, da motsin da take yi. Ka san cewa ƙashin baya yana da gaɓa 7 a wuya, 12 a setin haƙarƙari, 5 a ƙugu. Ka san hanyoyin manyan jijiyoyin jini da na laka, domin su ne wuraren da kuskure ke zama ɓarna.

Ka nemi horo a hannun wanda zai tsaya a kanka yana gyara maka hannu. Bidiyo yana nuna siffar motsi, ba ya nuna nauyinsa. Ka kuma binciki dokar inda kake zaune, domin wurare da yawa ba a yarda a karɓi kuɗin tausa ba sai da lasisi. Don ka ga girman abin: jihohin Amurka da dama suna neman aƙalla awa 500 na karatu, jihar New York kuwa awa 1,000. Ka haɗa da kwas ɗin taimakon gaggawa da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya.

Gargaɗi: takardar shaidar kwana uku ba ta ba ka ikon gyara targaɗe, mayar da ƙashin da ya goce, ko murɗe wuya har ya yi ƙara. Waɗannan aikin likita ne da masu horo na musamman.

Abu ɗaya da masu koyo ke mantawa: ka sa a yi maka tausa kai ma, a hannun mutane daban-daban. Sai ka kwanta ruf da ciki za ka san yadda hannu mai sanyi ke firgita mutum, da yadda minti biyu na surutun mai tausa ke zama kamar awa.

2. Kayan aiki, da inda kuɗinka ya kamata ya tafi

Gadon tausa shi ne zai ci kaso mafi girma, kuma nan ne bai kamata ka yi rowa ba. Ka nemi wanda ake ɗagawa a sauke, mai ramin fuska ko matashin fuska da ake maƙalawa, mai faɗin wajen santimita 70 zuwa 76. In ya fi haka faɗi za ka riƙa miƙewa kana cin bayanka, in ya gaza mutum mai jiki zai rasa inda zai ajiye hannuwansa. Ka duba nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka, ka tuna cewa nauyin da kake dannawa ma a kansa yake sauka. Kafin ka biya, ka jingina da shi ka girgiza. Gadon da ke ƙara ko rawa ba ya barin kowa ya saki jiki.

Bayan gado, sauran ba su da tsada sosai: zanin gado na auduga, manyan tawul da ƙanana, bargo mara nauyi, dogon matashi na sawa ƙarƙashin gwiwa, ƙananan matasai biyu ko uku, kwalbar mai da ake matsawa da hannu ɗaya, sabulu, ruwan tsabtace hannu, maganin goge gado, kwandon wanki mai murfi, agogon da za ka iya gani ba tare da ka juya ba, da littafin rubutu. Zanin gado ka lissafa shi da yawan mutanen da za ka gani a rana, ka ninka biyu, saboda rabi kullum yana wanki.

Kuskuren da na fi gani shi ne kashe kuɗi a kan duwatsun ɗumi, na'urar bubbuga jiki da fitilu masu launi, alhali zanin gado biyu kacal ake da su. Duk waɗannan su jira sai hannunka ya nuna.

3. Zaɓen mai

Man 'ya'yan inabi, man almon, man jojoba da man kwakwa duk ana aiki da su. Man inabi mara nauyi ne, jojoba yana daɗewa bai yi ɗoyi ba, kwakwa yana daskarewa in an yi sanyi. Ka ajiye iri biyu aƙalla, ɗaya mara ƙanshi ko kaɗan.

Gargaɗi: man almon da man riɗi suna iya tayar wa wasu da borin jini, wani lokaci mai tsanani. Ka tambaya kafin ka buɗe kwalba. In mutum yana da fata mai saurin ɓaci, ka shafa ɗigo a cikin sangalin hannunsa, a jira awa 24 a gani.

Tataccen man ƙanshi, irin na na'a-na'a, ba a sa shi kai tsaye a fata. Ana sirka shi ne, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato kimanin ɗigo 6 zuwa 12 a cikin mililita 30 na man tausa. Ga mai juna biyu, yaro, tsoho ko mai asma, ni nakan bar shi gaba ɗaya.

Ka zuba mai a tafin hannunka, ka murza ya yi ɗumi, sannan ka kai jiki. Kada ka tsiyaya shi daga kwalba zuwa bayan mutum. Ka fara da kaɗan, domin mai ya yi yawa hannu zamewa kawai yake yi, ba ya kama tsoka.

4. Tsabta da shirin ɗaki

Farce a yanke shi ƙasa-ƙasa, a goge bakinsa. Zobe, agogon hannu da abin hannu a cire. Ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, daƙiƙa 20 aƙalla, kafin kowane mutum da bayansa. Ruwan tsabtace hannu ya zama mai sinadarin alkohol kashi 60 ko fiye, kuma ka sani ba ya aiki sosai a hannu mai maiƙo, sai an wanke tukuna. Fuskarka za ta kusanci ta mutum, saboda haka ka kula da warin baki, gumi da turare mai ƙarfi. In kana mura ko zazzaɓi, ka ɗage aikin.

Jikin da ke kwance babu riga yana saurin jin sanyi, ko da kai da kake motsi kana gumi. Ka daidaita ɗakin da wanda ke kwance, kada iskar fanka ko na'urar sanyi ta riƙa dukansa. Waya a kashe mata sauti, a bar ta nesa.

5. Tambayoyi kafin taɓawa

Wannan matakin ne ke raba mai tausa nagari da mai murza jiki kawai, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka ware minti 10 zuwa 15 a zuwan farko, mutum na zaune da kayansa a jikinsa. Ka tambaye shi me ya kawo shi, ina ke ciwo, tun yaushe, me ke ƙara shi, me ke rage shi. Ka ce ya nuna maka wurin da yatsa. Ka tambayi irin aikin da yake yi, domin mai wuni a gaban kwamfuta da mai ɗaukar kaya ciwon bayansu ba iri ɗaya ba ne. Sannan ka tambayi lafiyarsa: cututtukan da yake da su, magungunan da yake sha, ko an taɓa yi masa tiyata, ko akwai juna biyu. In ya fara bayani kada ka katse shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa abin da ya fi muhimmanci a ƙarshe mutum yake faɗinsa, kamar ba komai ba.

Akwai yanayin da amsarka ita ce a'a, yau babu tausa:

Zazzaɓi, ko wata cuta mai yaɗuwa da ke kan ganiyarta. Cutar fata mai kamuwa irin ƙazuwa, ko makero da ya bazu. Wanda ya sha abin maye, domin ba zai iya gaya maka gaskiyar abin da yake ji ba. Hawan jini mai tsanani da ba a shawo kansa ba.

Sai babban cikinsu, wanda nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. In ƙafa ɗaya ta kumbura, musamman sha-raɓa, ta yi zafi in an taɓa, tana ciwo, launinta ya canja, to mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiyar can ciki. Ya fi faruwa bayan tiyata, doguwar jinya a kwance, doguwar tafiya a zaune, lokacin juna biyu da bayan haihuwa. Mutumin zai zo maka ne yana cewa tsokar ƙafarsa ta ɗaure, yana roƙon ka murza masa sosai. Kada ka taɓa. Gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jini ya toshe jijiyar huhu, kuma hakan na kisa. Ka tura shi asibiti a ranar.

Haka nan ciwon baya da ya zo tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko rashin ƙarfin ƙafa da ke ƙaruwa. Haka ciwon ƙirji da ke miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi. Haka karkacewar baki, rashin ƙarfi a hannu ɗaya, ko harɗewar magana. Duk waɗannan na gaggawa ne.

Akwai kuma yanayin da za ka yi aiki amma ka kauce wa wurin: buɗaɗɗen ciwo, ƙuna, sabon targaɗe ko buguwa a awa 48 zuwa 72 na farko, jijiyoyin ƙafa da suka kumbura suka fito, gaɓar da ta yi zafi ta kumbura, da kowane ƙullutu da ba a san ko mene ne ba.

Sai waɗanda za ka sassauta musu, bayan likitansu ya yarda. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, danni kaɗan ke tara masa jini a ƙarƙashin fata. Tsoho mai ƙashi mara ƙwari, haƙarƙarinsa na iya tsagewa da nauyin da saurayi ba zai ma ji ba. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka rage ji ba zai san ka wuce gona da iri ba, kuma ba a sa masa abu mai zafi. Mai ciwon daji yana buƙatar wanda ya sami horo a kan hakan.

Na san ciwon mayar da mutum, musamman a farkon sana'a lokacin da kowane kwastoma ke da daraja. Amma wanda ka ce wa ya fara ganin likita yakan dawo, kuma yakan zo da wani.

Gargaɗi: kada ka sanya wa ciwo suna. Kana iya cewa ka ji tsokar nan ta yi tauri. Ba ka da hurumin cewa faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin bayansa ya zame, ko ya daina shan maganinsa.

6. Yarda da sutura

Ka gaya masa abin da za ka yi kafin ka yi: wuraren da za ka taɓa, tsawon lokacin, da cewa yana da ikon tsayar da kai a kowane lokaci ba tare da ba da dalili ba. Ka tambaye shi ko akwai inda ba ya so a taɓa. Ciki, ɗuwawu, saman cinya, fuska da gashin kai kowanne sai da izini na musamman. Mutum ya cire kaya iya yadda ransa ya kwanta, ko da hakan na nufin za ka yi aiki ta saman riga. Ka fita daga ɗaki ya shirya ya rufa, ka ƙwanƙwasa kafin ka dawo.

Dokar rufi ɗaya ce: wurin da kake aiki a kai kaɗai ke buɗe. Ka gama da ƙafar dama, ka rufe ta, sannan ka buɗe ta hagu. Ka soke bakin zanin a ƙarƙashin jiki don kada ya zame. Tsiraici ba a buɗe shi, ba a taɓa shi. In za a juya, ka ɗaga zanin ya zama labule tsakaninku. Yaro kuwa sai iyayensa ko mai kula da shi na cikin ɗakin.

Wannan iyakar kai ma tana kare ka. In wani ya fara magana ko motsin da bai dace ba, ka ɗauke hannu, ka faɗa masa a fili cewa aikin ya ƙare, ka fita. Masu zuwa gidajen mutane su bar wa wani nasu bayanin inda suka je da lokacin da za su fito.

Kada ka yi sharhi a kan ƙibar mutum, ramarsa ko tabon jikinsa. Abin da ka gani da abin da ka ji a ɗakin nan amana ne, a nan zai tsaya.

7. Kwantar da mutum

In ruf da ciki ne, ka sa dogon matashi ƙarƙashin idon sawu. In rigingine ne, ƙarƙashin gwiwoyi, da ƙaramin matashi a ƙeya. Wannan kaɗai na sauke wa ƙugu nauyi. Mai juna biyu, daga wajen mako 20, ba a barinta rigingine na tsawon lokaci, saboda nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. A kwantar da ita a gefe, matashi tsakanin gwiwoyi, wani a rungume. Kwanciyar gefe ta dace kuma da tsofaffi da masu wahalar numfashi.

8. Jerin aikin hannu

Ka fara ɗora tafukan hannunka a bayansa ta saman zani, ka tsaya na 'yan numfashi. Jiki na buƙatar ya san hannun da zai yi hulɗa da shi.

Na farko shafa. Dogon ja da tafin hannu gaba ɗaya, a hankali, daga ƙugu zuwa kafaɗa a gefe biyu na ƙashin baya, a dawo ta gefen jiki da sauƙi. Da shi kake baza mai, kake ɗumama tsoka, kuma da shi kake bincike. A nan hannunka zai gaya maka ina ne ya yi tauri, ina ne mutum ya ɗan ƙanƙame. A hannu da ƙafa, nauyin ja yana tafiya ne zuwa wajen zuciya, dawowa kuma a sake.

Na biyu matsa. Ka kama tsoka, ka ɗaga, ka matse, ka saki, hannu na karɓa daga hannu. Ya fi dacewa da wurare masu nama: saman kafaɗa, damtse, cinya, sha-raɓa. Ka kama da hannu gaba ɗaya. In da kan yatsu ka kama, mintsini ne.

Na uku danna da murza, a kan wuraren da ka gano sun ɗaure. Ka shiga a hankali, ka tsaya, ka jira. Wannan jiran shi ne sana'ar. Tsoka mai tauri in ka afka mata da ƙarfi ƙara ƙanƙamewa take yi don kare kanta, in kuwa ka nutsa sannu-sannu ka riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30 sau da yawa za ka ji ta yi laushi a ƙarƙashin yatsanka. In ba ta saki ba, ka wuce, ka dawo daga baya. Tsayawa a wuri ɗaya na minti biyar kana haƙa ba ya haifar da komai sai tsami da taruwar jini. Ka kuma duba maƙwabta: ciwon da ake ji tsakanin allon kafaɗa sau da yawa yana da alaƙa da tsokar ƙirji da ta gajarce saboda yawan sunkuyo.

Na huɗu bubbuga da girgiza, da gefen hannu ko da tafi a ƙudundune, wuyan hannu a sake. Gajere ne, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba. Wanda ya zo don ya samu barci, kada a yi masa shi.

Ka rufe kowane sashe da shafa, kamar yadda ka buɗe shi. Tsarin da nake ba masu koyo na awa ɗaya shi ne: baya, kafaɗa da wuya minti 20, bayan ƙafafu 10, a juya, gaban ƙafafu da tafin ƙafa 10, hannuwa 10, wuya da kai 10. In mutum ya zo da kuka a wuri ɗaya, ka karya tsarin ka ba wurin rabin lokacin. Babu abin da ke ɓata rai kamar ka ce wuyanka ke ciwo, a yi minti uku a kai a wuce don an saba.

Gargaɗi a kan wuraren da ba a dannawa: kan ƙashin baya kansa, gaban wuya da gefen maƙogwaro inda jijiyar jinin kai ke bi kuma danna ta na iya sa suma, hammata, matsematsi, bayan gwiwa, da cikin gwiwar hannu. Setin ƙoda, a ƙasan haƙarƙarin baya, ba a bubbuga shi. In mutum ya ce ya ji abu ya tsarga masa kamar lantarki, ko yatsunsa sun mutu, kan jijiyar laka kake, ka matsa nan take.

Kada hannunka ya riƙa barin jiki ba zato. In za ka zagaya gado ko ka ƙara mai, ka bar hannu ɗaya a kansa in zai yiwu. Mai ido a rufe da hannunka yake sanin inda kake.

9. Auna ƙarfi

Ka ba shi ma'auni tun farko: daga 1 zuwa 10, inda 10 shi ne zafin da ba ya jurewa, kada mu wuce 6 ko 7. Ka tambaya a mintunan farko, ka sake tambaya duk lokacin da ka shiga sabon wuri ko ka ƙara nauyi. Tambayar "ya yi?" ba ta da amfani, kowa "ya yi" zai ce saboda kunya. Ka ce, "In ƙara ko in rage?"

Kuma kada ka dogara da baki kaɗai. Riƙe numfashi, dunƙule hannu, lanƙwashe yatsun ƙafa, ɗaga kafaɗa zuwa kunne, duk suna cewa ka rage, ko da bakin na cewa ka ci gaba. Akwai masu ganin sai an ji azaba ake samun sauƙi. Ka yi musu bayani cikin ladabi, kada ka biye musu.

Magana kuma shi zai ja ragamarta. In ya yi shiru ka yi shiru. In yana son hira ka amsa a taƙaice, kada ka sauke masa damuwarka. Wani lokaci mutum kan fashe da kuka a kan gado ba tare da ya san dalili ba. Ka dakata, ka miƙa masa abin share hawaye, ka tambaye shi ko a ci gaba, kada ka tone shi.

10. Tsayuwarka

Mutane da yawa sun bar sana'ar nan saboda babban yatsa, wuyan hannu da ƙugu. Ka saita gado ta yadda in ka tsaya ka saki hannu, samansa zai zo wajen gaɓoɓin yatsunka, ka ɗan sauke shi in mutumin mai jiki ne ko aikin mai zurfi ne. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe. Ƙarfi daga ƙafa da nauyin jiki yake zuwa, ka jingina ne kawai. Wuyan hannu ya tsaya a miƙe. A manyan wurare ka yi amfani da sangalin hannu da dunƙulen hannu, ka adana babban yatsa don ƙananan wurare, in ma za ka sa shi ka tallafe shi da ɗaya hannun.

Ka fara da mutum biyu ko uku a rana, ka ƙara a hankali. Ka bar minti 15 zuwa 20 tsakani. In yatsunka sun fara mutuwa da dare, kada ka jira, ka ga likita.

11. Kammalawa

Ka sanar da shi cewa an gama, ka goge rarar mai, musamman a tafin ƙafa don kada ya zame. Ka ce ya juya gefe, ya tashi zaune a hankali, ya ɗan jira kafin ya miƙe, domin jiri na iya ɗibarsa. Tsoho ka tsaya kusa har ya zauna daram, sannan ka fita ya sa kaya.

Ka gaya masa yana iya jin tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, irin na bayan motsa jiki. In ciwo ya tsananta ko ya wuce haka, ya sanar da kai kuma ya ga likita. Ka ba shi ruwa in yana so, amma kada ka ce tausa ta fitar masa da guba daga jiki, domin wannan aikin hanta da ƙoda ne. Abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne tausa na sassauta tsoka, tana rage ciwo na wani lokaci, tana kwantar da hankali. Kada ka yi alkawarin warkarwa, kada ka ɗaure mutum da zuwa goma alhali uku sun isa. In an yi uku ko huɗu babu canji, ka faɗa masa, ka tura shi gaba.

12. Rubutu, wanki da lissafi

Kafin na gaba ya shigo, ka rubuta abu huɗu: abin da ya faɗa, abin da ka gani ko ka ji da hannunka, abin da ka yi, da abin da za ka yi in ya dawo. Ka ƙara da ƙananan abubuwa, kamar ba ya son a taɓa tafin ƙafarsa, ko wane mai ya dace da shi. Littafin a kulle shi.

Duk abin da ya taɓa jiki ya tafi kwandon wanki, har da rigar matashin fuska. Ka goge gado da magani, ka bar shi ya bushe. Zani da tawul a wanke su da ruwa mai zafin digiri 60 in yadin zai jure, kuma da wuri, kafin mai ya kama ya fara ɗoyi.

Gargaɗi: yadin da ya sha mai yana iya kama wuta da kansa in aka tara shi da zafinsa. In ka yi amfani da na'urar busarwa, kada ka bar tawul a cunkushe a ciki ko a kwando, ka baza su su huce kafin ka ninke.

Wajen yanke kuɗin aiki, ka tuna awa ɗaya a kan gado tana cin kusan awa ɗaya da rabi in ka haɗa tambayoyi, shiri, rubutu da gyaran ɗaki. Ka lissafa mai, sabulu, wanki, wuta, haya, kuɗin mota in kai kake zuwa, lasisi da inshora in ana buƙatarsu a inda kake, da abin da za ka riƙa warewa don ƙarin horo. Ka raba jimillar da yawan mutanen da jikinka zai iya ɗauka a wata ba tare da ka ji rauni ba, sannan ka ɗora ladanka a kai. Ka faɗi kuɗin da ƙa'idar soke alkawari tun kafin mutum ya zo, kuma in ka ce minti 60, ya zama minti 60 ne hannunka ke kan aiki.